Kwarjinin Taro

A wurin ɗaurin aure ko walimar sauka, ka lura da mutumin da aka miƙa wa makirufo ba zato ba tsammani. Kafin ya ce uffan sai ya gyara zaman hula, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya ɗan bubbuga kan makirufon da yatsa alhali kowa ya san yana aiki. In akwai takarda a hannunsa, ita ke fara tona masa asiri, don gefenta sai karkarwa yake. Wannan bawan Allah fa shi ne jiya da dare ya riƙe majalisa da hira har mai shayi ya kwashe kayansa. Yau idanu sun yi masa yawa, kowa ya yi tsit yana jiran abin da zai fito daga bakinsa.

Abin da ke damunsa a jiki yake. Da mutum ya ga idanu sun yi masa caa, jiki kan ɗauka haɗari ne ya tunkaro, sai ya saki sinadarin adirenalin cikin jini. Gaba ya yi ta faɗuwa, yawu ya ƙafe, numfashi ya gajarce, zufa ta karyo ko da sanyin hunturu. Malami da jahili duk haka jikinsu ke yi, kuma in aka daure aka ci gaba da magana, abin yakan lafa.

Shi ya sa nake ganin ba a yi wa buɗe jawabi irin namu adalci. Ana yawan ƙorafin tsawonsa. Amma dubi amfaninsa ga mai fargaba. Ya yi sallama, jama'a suka amsa. Ya ce, "Jama'a, a yi wa Annabi salati," wuri ya ɗauka gaba ɗaya. A ɗan wannan tsakani ya haɗiye yawu, ya ja numfashi, ya kuma ji da kunnensa cewa mutanen nan suna tare da shi. Sannan ya gai da iyayen ƙasa, da malamai, da iyaye mata, kalmomin da bakinsa ya haddace tun yana yaro. Kafin ya iso ga abin da ya tsayar da shi, murya ta zauna. Wanda ke kwashe rabin lokacinsa yana jero sarautun manyan baƙi, wannan kam ya wuce gona da iri, amma asalin al'adar mai kyau ce.

Inda nake da damuwa shi ne gida. Mun koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya, da yin shiru in suna magana, 'ya mace kuwa ninki biyu. Kunya ado ce, ba na jayayya da haka. Sai dai yaron da bai taɓa buɗe baki gaban mutum biyar ba, rana ɗaya za a tsayar da shi gaban malaman jami'a ya kare bincikensa, ko gaban masu tantance neman aiki. In ya kama in'ina da kame-kame, sai a ce ba shi da baiwa.

Mutanen da muke misali da su wajen iya magana ba da rana tsaka suka iya ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, malami ne a Makarantar Midil ta Bauchi kafin siyasa. Malam Aminu Kano ma ya koyar a can. Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ma daga aji ya fito. Kullum safiya suna tsaye gaban ɗalibai da alli a hannu. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Kuma ko Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshe, ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. Jin nauyin magana ba abin kunya ba ne.

Don haka, iyaye da malamai, a riƙa bai wa yara ƙananan damammaki. Yarinya ta karanta sanarwa a taron safe na makaranta, yaro ya yi addu'ar rufe taro a Islamiyya, wani ya miƙe ya yi wa baƙi godiya ranar suna. In harshe ya sarƙe musu, a yi haƙuri a jira su gama. Don Allah kar a yi musu dariya.