Tsohuwar Da Ke Tara Dusar Ƙanƙara

A hunturuna na farko a birnin Saskatun na ƙasar Kanada, inda na yi karatun digiri na uku, ba abin da na tsana irin shebur. Na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa, kuma cikin sharuɗɗan hayar har da kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Gari ne da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, don haka burina kullum in ture ta bakin titi in ruga ɗaki.

Wata safiya tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce, "Samari, ina za ka kai mini ruwana?" Na dubi shebur ɗin, ban ga ruwa ba, sai farar shara. Ta sako rigar sanyi ta ja ni bayan gida, inda take da ɗan lambu. Tun da kaka ta haƙa wasu 'yan kwaruruka da suka gitta gangaren filin, ta cika su da busasshen ganye da ɓawon itace. A kansu take so a jibge dusar, da kuma gindin bishiyar tufa. Wadda ke bakin titi kuwa ta hana ni taɓawa, domin gishirin da ake watsa wa hanya yana ƙona shuka.

Sannu a hankali na gane hikimar. Kimanin bokiti 10 na sabuwar dusa ke ba da bokiti guda na ruwa, saboda haka sai an tara da yawa. Idan ɗumi ya shigo a Maris da Afrilu, ƙasa ba ta gama sakin daskarewa ba, ruwan da ya narke da sauri sai ya bi ta kanta ya faɗa magudana. Amma tulin da ke cikin inuwar katanga a hankali yake narkewa, ganyen da ke ƙarƙashinsa kuma ya hana daskarewar yin zurfi, sai ruwan ya samu sararin nutsewa. Ko karan furannin bara ba ta sarewa, domin su tare dusar da iska ke kwasowa, kamar yadda manoman alkama na yankin ke barin kututturen kara a gona. A ganga ba a ajiye ruwa lokacin sanyi, zai daskare ya fasa ta. Ƙasa ita ce randarta.

Ta ce mini tsarin nata sunansa famakalca, wato noman da ke kwaikwayon yadda daji ke riƙe kansa, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostireliya cikin shekarun 1970. Abin da ke sauka a Saskatun a shekara, ruwa da dusa a haɗe, bai wuce kimanin milimita 350 ba. Duk da haka sai bazara ta yi nisa kafin ta fara ban ruwa.

Abin kunya shi ne, da na dawo Kano na gina gida, darasin nan ya shige mini duhu. Na sa aka malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, indararo kuma ya kalli titi, wai don tsafta. A Agusta ruwan rufina ya haɗu da na maƙwabta ya cika layi. A Afrilu rijiyata ta ƙafe, na koma jiran 'yan garuwa. Ranar da na tsaya ina ƙirga jarkoki ne tambayar tsohuwar ta faɗo mini: ina na kai ruwana?

Lissafin ba wuya. Milimita guda ta ruwan sama a kan murabba'in mita guda lita guda ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a daminar da ta ba da milimita 700, ya zubar da lita 70,000, wato jarka 2,800 masu cin lita 25. Mun fi Saskatun samun ruwa nesa ba kusa ba, amma korarsa muke yi. Mun cike kududdufan da kakanni suka bari cikin gari mun yi gini, sannan kowa na ƙara wa rijiyar burtsatse zurfi. Alhali manoman yankin Tawa a Nijar sun daɗe suna haƙa ramukan tassa su zuba taki, ruwa ya tsaya inda ya sauka. Hikimar ɗaya ce da ta tsohuwar.

Bara na kira lebura ya fasa wani sashe na simintin. Muka haƙa rami nesa da harsashin gini da shadda, muka cika shi da tsakuwa da ganye, muka karkato indararo kansa, na dasa zogale da lemun tsami a gefe. Ba zan ce rijiyata ta warke ba, domin ramin gida ɗaya ba ya cika ƙasan unguwa. Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin malale tsakar gidansa ya bar wa ruwa inda zai nutse, hukumomin tsara birane kuma su kare kududdufan da suka rage. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu basirar riƙe ta.