Takardar Likita da Ta Yi Mako Uku a Jakata

Na shafe shekaru a bayan kantar magani a Kabong ina cewa mutane "ɗaya da safe, ɗaya da dare", amma ban san nauyin takardar likita ba sai ranar da aka rubuta sunan ɗana a kanta. Mako uku ta yi a jakata ban iya sayen maganin ba.

Ɗan farina ne, shekararsa takwas. Tun yana aji ɗaya ƙorafin bai canja ba: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya gama aiki, yana amsa tambaya kafin a ƙarasa ta. A zango ɗaya ya zubar da rigar sanyi uku, kuma kin san sanyin Jos. Wata rana a Gada Biyu ya fizge hannunsa ya faɗa titi, Allah ne ya sa mai Keke ya taka birki. A makaranta ya sha bulala, a gida ya sha faɗa. Surukata ta ce, "Ƙiriniya ce kawai, ubansa ma haka ya yi." Na so ƙwarai maganarta ta zama gaskiya.

Bayan zama uku da likitan ƙwaƙwalwa, da takardun tambayoyi da ni da malamarsa muka cika, aka ce yana da lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD. Ba kowane yaro mai rawar kai ke da ita ba. Sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar yaron. A duniya ana ƙiyasin kusan yara 5 cikin 100 na da ita. Kafin a kai ga wannan hukunci an duba idonsa da kunnensa, an yi tambaya kan barcinsa da cin abincinsa. Rashin ji sosai, ƙarancin jini, yunwa, wani nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, da firgicin yaron da ya ga tashin hankali, duk suna iya kama da wannan lalura. Mu mazauna Jos ba ma buƙatar a yi mana bayanin na ƙarshen.

Me ya hana ni sayen maganin? Na san shi da yawa. Sunansa metilfenidet, an fi saninsa da Ritalin ko Concerta. Yana cikin magungunan da doka ta sa wa tsauraran sharuɗɗa, waɗanda hukumomin NAFDAC da NDLEA ke sa wa ido, domin ana iya shansa ba bisa ƙa'ida ba. Ni da na ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ta yaya zan ɗauki ƙwayar da ke aiki a ƙwaƙwalwa in sa a bakin ɗana? Maigidana ya ce, "Maman yara, ke ce masaniya, amma ni tsoro nake kada ya saba."

Tsoron yana da tushe, amma ga abin da aka sani. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa irin waɗannan magunguna na taimaka wa wasu yara su natsu a aji. Ba maganin barci ba ne. Yana ƙarfafa sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe hankali da taka wa mutum birki. Bincike bai nuna cewa shansa yadda likita ya tsara na jefa yaro cikin shaye-shaye ba. Amma yana da illoli: rage cin abinci, wahalar barci, ciwon kai ko ciki, ɗan ƙarin bugun zuciya, wani lokaci da jinkirin girma. Kuma ba ya warkar da lalurar. Mai gajeren aiki awa uku zuwa huɗu yake yi, mai dogon aiki ya kai awa 12, daga nan ya sake shi.

Ba littafi ne ya sa na yanke shawara ba. Wani dare ina shafa masa mai a shatin bulala ya ce, "Mama, ni daƙiƙi ne ko?" Nan na gane cewa ƙin ba shi magani ma zaɓi ne, kuma shi ma yana da illa. Na daina tambayar ko yaron yana gajiyar da mu. Na koma tambayar me lalurar ke ƙwace masa: karatu, abokai, da ganin ƙimar kansa.

Muka fara da mafi ƙanƙantar awo, a matsayin gwaji. Na buɗe littafi ina rubuta cinsa, barcinsa da abin da malamarsa ta lura. Cin ranarsa ya ragu, sai na koma cika masa ciki da dankali da ƙwai ko kunun gyaɗa kafin ya sha ƙwayar, da yamma kuma gwate. Ana auna nauyinsa, tsayinsa da hawan jininsa a kai a kai. Maganin yana cikin akwati mai makulli. Muka roƙi a dawo da shi layin gaba a aji, a riƙa ba shi umarni ɗaya ɗaya, a ajiye bulala. Har yanzu yana ɓatar da biro, amma ya karanta littafi har ƙarshe ya zo yana ba ni labari.

Ban ce ki bi sawuna ba. Yaron da bai kai shekara shida ba, horar da iyaye kan yadda za su bi da shi ake farawa da shi. Wani yaron gyaran tsari a gida da makaranta ya wadatar masa. Wanda metilfenidet bai karɓa ba, akwai atomoksetin, sai dai yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Magungunan suna da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsu ba, don haka ki tambayi likita tun farko yadda za ki riƙa samu. Idan akwai ciwon zuciya a dangi, ki faɗa masa.

Roƙona ɗaya: kada ki sayi maganin barci ko na mura don ki kwantar da yaro, kada kuma ki ari na ɗan maƙwabciya. Ki kai shi a duba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Duk abin da kika zaɓa bayan nan, ki sa ranar da za ku sake zama da likita a duba ko yana amfani.

Allah Ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.