Haƙoran Da Suka Zube Cikin Barci

Saura kwana 9 a fara jarrabawar fita sakandare, ana tsakiyar zafin nan na Sakkwato wanda ko inuwar dogonyaro ba ta yi masa magani, sai ga wani ɗalibinmu ɗan ajin ƙarshe ya shigo ofishin malamai da ƙullin kayansa a hannu, wai yana neman izinin tafiya gida. Yaro ne haziƙi daga wani ƙauye a ƙasar Gwadabawa, irin waɗanda malami kan ɗora wa buri. Muka ce, "Kai ɗan nan, lafiya?" Ya durƙusa ya ce, "Malam, mafalki niy yi. Haƙorana na sama duk sun zube, ga shi Baba ba shi da lahiya tun hutun da muka yi."

Ashe da gari ya waye ya ba wani abokinsa labari, shi kuwa abokin yana da ɗan littafin nan na fassarar mafarki da ake jingina wa Muhammadu ɗan Sirina, wanda ake baza wa a tabarma a bakin masallatai da kasuwa. Suka buɗe, suka tarar haƙora dangi ne, na sama maza na wajen uba, zubewarsu kuwa rasuwa. Shi ke nan, yaro ya ɗaure kaya.

Mu da muka yi ɗan karatun ilimin halayyar ɗan Adam lokacin da muke neman difloma, abin da ya fara zo mana shi ne dariya, amma Allah Ya taimake mu muka haɗiye ta. Domin kuwa wanda ya tashi a garin nan bai isa ya raina mafarki ba. Tun muna makarantar allo muka san Annabi Yusufu da taurari 11 da rana da wata, muka san shanun Sarkin Masar, bakwai masu ƙiba bakwai ramammu. Kai, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta cewa a 1794, yana da shekara 40 da ’yan watanni, aka nuna masa Shaihu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan shekara 10 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, abin da ya biyo baya kuwa ga Hubbare nan yana shaida. Degel ɗin ma a ƙasar su yaron nan take. To, da wane baki za mu ce masa mafarki shirme ne?

Sai dai abin da muka karanta a littattafan Turawa shi ma ba abin yarwa ba ne. Wanda aka fi cika mana kunne da shi shi ne Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana, wanda littafinsa kan fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899. A ganinsa mafarki biyan bukata ne a ɓoye: abin da rai ke so amma kunya ko tsoro suka danne shi da rana, shi ne yakan sake kama ya fito da dare. Ya taɓo zubewar haƙora ma, amma fassarar da ya ba ta ba irin wadda za a iya kawowa a mujallar da ’ya’yanmu ke karantawa ba ce. Mu dai a namu ɗan tunanin, aibin Freud bai wuce wannan ba: kowace ƙofa da makulli guda yake buɗe ta, kuma babu yadda za a yi a gwada maganarsa a ga ko ta faɗi. Abokin aikinsa Carl Jung ma a kan irin wannan suka raba gari.

Inda aka fara kama bakin zaren shi ne 1953 a Jami’ar Shikago ta Amurka, sa’ad da Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai wani mataki na barci da ƙwayar idon mutum ke kai da komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma galibin waɗanda aka tasa a daidai lokacin sukan ce mafarki suke yi. Wannan mataki yakan zagayo kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo idan asuba ta gabato, shi ya sa mafarkin asuba ya fi zama a rai. A lokacin ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta farkakke, gaɓoɓi kuwa an ɗaure su don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan ya farka ɗaurin bai gama sakinsa ba, shi ne abin da muke kira dannau. A 1977 wasu masana biyu na Jami’ar Harvard, Hobson da McCarley, suka ce ai ƙwaƙwalwa ce kawai take ƙoƙarin ɗinka labari daga saƙonni barkatai da ke tasowa daga gindinta. Wasu suka ce tana tace abin da aka koya da rana ne ta adana. Har akwai binciken da aka buga a 2018 da ya nuna mafarkin zubewar haƙora ya fi yawa ga masu farkawa da tsamin muƙamuƙi ko haƙora.

Amma maganar da ta fi kwanta mana ita ce ta Calvin Hall, wanda ya tara dubban mafarkan mutane ya ƙirga abin da ke cikinsu, ya tarar yawanci ci gaba ne na damuwar da mutum ya wuni da ita. Muna cikin juya wannan a rai, sai malamin addinin makarantarmu, dattijo ne da ya haife mu, ya ajiye kofin shayinsa ya kira yaron. Ya ce masa, "Ɗana, ba ka karanta cewa mafarki iri uku ne ba? Akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci. Kai da ka kwana da tunanin mahaifinka, ga jarrabawa a gaba, wanne kake zaton naka?" Ya tuna masa cewa wanda ya ga abin ƙi, an hore shi ya yi tofi sau uku ta hagu, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada kuma ya ba kowa labari. Ya ƙara da cewa ɗan Sirina malami ne na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ana kuma ba da labarin yakan fassara mafarki guda da fuska biyu gwargwadon halin mai tambaya, littafin kuwa malamai da dama suna shakkar shi ya rubuta shi. Muka yi tsit. Abin da muka sha wahalar haddacewa da Turanci, ga shi dattijo ya faɗe shi da kalma biyu: zancen zuci.

Aka kira ƙauye ta waya, mahaifin da kansa ya karɓa, murya a dushe, ya ce in yaron ya kuskura ya baro makaranta bai yafe ba. Ya kwance ƙullin kayansa. Ya zauna jarrabawa, ya kuma ci.

Da damina ta yi nisa Allah Ya yi wa tsohon rasuwa. Muka shiga mota a tashar Illela muka tafi ta’aziyya. Bayan an shafa fatiha, yaron ya rako mu har bakin hanya, bai ce uffan ba sai da muka hango mota, sannan ya ce, "Malam, kun tuna?" Mun tuna mana. Muna da amsa a baki, cewa ai ciwon ya riga mafarkin, kuma shi ya haife shi. Muka dubi idanunsa, muka dafa kafaɗarsa, muka ce, "Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta." Ya ce amin, ya karɓi jakarmu ya miƙa wa yaron mota.