Ƙodar da Aka Gama Tun Kafin Suna

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire a Adjame ya san ƙodar rago sumul take kamar ƙwayar wake, ta saniya kuwa ƙulu-ƙulu. Tamu ma a cikin mahaifa irin ta saniyar ce, sai daga baya take yin sumul.

A shirin lafiya da nake gabatarwa a rediyo, in aka taɓo ƙoda wayoyi ba sa hutawa. Wannan yayansa na jiran layin wankin ƙoda, wancan an tura mahaifiyarsa asibitin CHU na Treichville. Laifin kuwa a kan gishiri ake ɗora shi, ko hawan jini, ko sammu. Ni na fi son mu koma farkon ginin.

A mako na 5 na ciki wani ɗan tsiro ke fitowa ya kutsa cikin tsokar da ke gefensa. Tsokar na aika masa saƙo ta ƙwayar gado mai suna GDNF, shi kuma yana ji ta RET, sai ya yi rassa. Bakin kowane reshe ya umarci ƙwayoyin da ke kusa su zama matata. Kira ne da amshi, kamar na 'yan mata a dandali. In ɗaya ya yi shiru, sai a haifi yaro da ƙoda ɗaya, ko babu sam. Wata ƙwayar, SIX2, ita ke tsaron rumbun da ake ɗibar kayan ginin. Wajen mako na 36 rumbun ya ƙare. Matatai kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda, wani ya fi, wani bai kai rabi ba, kuma ba a ƙara ko ɗaya har mutuwa. Shi ya sa bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi kan fara rayuwa da ƙaramin jari.

Mu 'yan Afirka ta Yamma da ƙarin kaya. A 2010 aka gano wasu nau'o'in APOL1 da suka kare kakanninmu daga ciwon barci suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gada daga uwa da uba, ko da yake yawancinsu lafiya lau suke ƙarewa.

Wannan ba hannunmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai ciki wata bakwai da ke sayen diclofenac a tire a kasuwar Roxy saboda ciwon baya. Maganin na ratsa mahaifa, yana rage fitsarin ɗan tayi, alhali yawancin ruwan da yake kwance a ciki fitsarin nan ne.