Baƙo Da Farantinsa: Abin Da Na Gani A Nguru Da Gashuwa

Idan aka ce wane yana zaune a ƙasar waje, abin da kan fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne Ingila ko Amurka ko Makka, watau wuraren da sai an hau jirgin sama kafin a kai. To, amma mu a garinmu Nguru, da maƙwabciyarmu Gashuwa, ƙasar waje ba ta yi wannan nisa ba. Wanda ya yi sammako ya bi ta Machina ko ta Yusufari, kafin rana ta faɗi ya taka Jamhuriyar Nijar. Saboda haka baƙonmu ba Bature ba ne. Mutumin Gure ne, ko na Damagaram, ko na Maine Sorowa, mai jin Hausa da Barbarci kamar mu, mai cin tuwon gero kamar mu, wanda takarda ce kaɗai ta ce shi ɗan wata ƙasa ne. Duk da haka kewar gida ba ta ƙyale shi ba, gama kowa ya san inda aka binne cibiyarsa.

Zaman mutanen Nijar a cikinmu ya girmi ƙasashen biyu. Tun Nguru tana mazaunin Galadiman Borno ayari ke saukowa daga arewa da kanwa da gishiri da dabbobi. Tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba dangi gida biyu. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, sai garin ya zama matattarar fatake, waɗansu suka zo cin rani suka koma, waɗansu kuwa suka yi aure suka gina gidaje. Dattawa sun ba mu labari cewa a wancan zamani labarin gida sai a bakin matafiyi, ko a wasiƙar da aka damƙa wa direba. Daga baya akwatin rediyo ya shigo, aka riƙa laluben Muryar Sahel ta Yamai, da Sashen Hausa na BBC wanda ya fara aiki a 1957. An sami murya, amma ba a sami fuska ba.

Talabijin kuwa ya daɗe bai yi wa mutanen kan iyaka rana ba. An buɗe tashar Kaduna a 1962, Nijar ta fara talabijin na makarantu a 1964, aka kafa NTA a 1977, amma duk waɗannan daga dogon ƙarfe da ke kafe a ƙasa suke watsa shiri, shi kuwa irin wannan saƙo miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar duniya, don haka ba ya nisa. Mutum ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya sa yaro ya riƙa juya ta, abin da zai samu bai wuce yayyafi da inuwar mutane ba.

Tauraron ɗan Adam shi ya warware wannan matsala, kuma yadda yake aiki abin sani ne. Ana ajiye shi a sama, kilomita 35,786 daga ƙasa, daidai saitin tsakiyar duniya. A wannan nisa yakan zagaya duniya sau ɗaya a kwana guda, watau tafiyarsa ta yi daidai da juyawar ƙasa, saboda haka mu da ke ƙasa sai mu ga kamar a tsaye yake. Shi ya sa farantin nan da jama'a ke kira dish, in an saita shi sau ɗaya aka ɗaure, ba a sake taɓa shi. Tasha takan harba shirinta sama, tauraron ya maido shi ƙasa kamar hasken fitilar da aka rataye a tsakar gida, ya rufe ƙasashe da dama a lokaci guda. Wannan haske bai san alamun da Tilho ya kafa ba. Farantin da ke kan soro a Gure da wanda ke kan kwano a Nguru duk a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa.

Da farko manyan faranti ne, sai gidan attajiri ko babban ma'aikaci. Sa'an nan DStv ta fito a 1995 da ƙaramin faranti da biyan kuɗin wata, daga bisani kuma risiba mai araha ta cika kasuwa, wadda ke kama tashoshin kyauta ba tare da kati ba. A nan ne talaka ya samu shiga.

Na tashi a unguwarmu muna katanga ɗaya da wani dattijo ɗan ƙasar Gure, mai fataucin kanwa da awaki, wanda duk yaran unguwa muke kira Baba. Ya fi shekara talatin a Nguru, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Ina makarantar sakandare ya sayi faranti, ya sa mai haɗawa ya wuni a kan soro har sai da Télé Sahel ta fito. Tun daga ranar, in lokacin labarai cikin harsunan ƙasa ya yi, babu yaron da ya isa ya yi tari a zaurensa. Ba jawabin manya ne ya dame shi ba. Abin da yake nema shi ne a nuna wata kasuwa da ya sani, ko a faɗi inda aka yi ruwa, ko ya hango wata bishiya a bayan mai magana ya ce ya taɓa hutawa a ƙarƙashinta. In kuwa lokacin gasar kokawar gargajiya ta cin takobi ya zo, wadda aka fara a Tawa a 1975, sai zauren ya cika har waje, 'yan Nijar da 'yan gari, ana ta gardama a kan Issaka Issaka na Dosso. A 2012, da ƙungiyar Mena ta je gasar cin kofin Afirka karo na farko, na ga dattijon nan ya miƙe tsaye don taken ƙasarsa, idonsa ya kawo ruwa.

Haka abin yake ga namu da ke can. Daga 2013 rikicin Boko Haram ya kori dubban mutanen Borno da Yobe zuwa jihar Diffa, har aka buɗe sansanin Sayam Forage a 2014, ban da waɗanda neman abinci ya kai su tun da can. Wata 'yar kawuna daga Gashuwa tana aure a Damagaram. Bayan da Arewa24 ta fara watsa shiri daga Kano a 2014, ita da mahaifiyarta suka sami abin hira: kowacce ta kalli Daɗin Kowa a ɗakinta, washegari su yi waya suna tattauna abin da ya faru kamar a tsakar gida ɗaya suka kwana. Waɗanda suka yi nisa har hasken tauraron bai kai gare su ba, kamar mazauna Amurka, su kuma ta intanet suke bi a wayar hannu.

Ba a rasa wahala a ciki ba. Hadari in ya haɗu, hoto yakan tsaya cak, domin ruwan sama yana shanye saƙon da ƙananan faranti ke kamawa. Iska mai ƙarfi takan karkatar da faranti, tasha takan sauya lamba ba sanarwa, a sake kiran mai haɗawa a biya shi. Ga rashin wuta, wanda ya sa sai da janareta ko sola. Daɗin daɗawa, akan rufe tasha a kan tauraro in za a nuna babban wasan ƙwallo, domin iznin da ta saya na cikin ƙasarta ne kawai. Ashe in tauraro bai san iyaka ba, ɗan kasuwa ya san ta.

To, amma babbar jarrabawa sai a 2023 ta zo. Daren 26 ga Yuli sojoji suka bayyana a Télé Sahel suka ce sun kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum, ranar 28 Janar Abdourahamane Tchiani ya fito a matsayin shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take bai wa Nijar. Kasuwanninmu suka ji a jika, masu 'yan'uwa a ƙetare suka shiga zullumin yaƙi. Ƙofar da ta rage a buɗe tsakanin baƙo da ƙasarsa ita ce ta sama.

Na je gida a cikin watan Agustan nan, abin da na tarar kuwa ya tsaya mini a rai. A zauren Baba ana kallon filin wasa na Seyni Kountché a Yamai cike da masu goyon bayan soja. A gidanmu, bayan katanga ɗaya tak, ana kallon hafsoshin ECOWAS suna taro a Abuja da Akara. Da yamma in an haɗu a majalisa, sai ka ji kamar ba labarin abu ɗaya ake yi ba. Mutanen da suka shekara talatin suna cin abinci a akushi guda suka fara ɗaga wa juna murya, kowa yana rantsuwa da idonsa ya gani. Allah Ya taƙaita, ba a yi yaƙin ba, aka janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. Amma a watan Disamba na shekarar gardama ta sake tashi, sa'ad da Janar Tchiani ya yi hira da Hausa a talabijin na ƙasarsa, ya zargi hukumomin Nijeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar. Gwamnatin Nijeriya ta ƙaryata, Malam Nuhu Ribadu ya mayar da martani ta Sashen Hausa na BBC, alhali a cikin wannan wata ne Nijar ta dakatar da BBC na wata uku, bayan ta riga ta dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani tare da ni. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan magana ta sa mun ba akwatin talabijin amanar da ba mu taɓa ba rediyo ba. Mu da muke aiki a ɗakin labarai mun san cewa kafin hoto ya iso gaban mai kallo, wani ya zaɓi inda za a kafa kyamara, wani ya yanke, wani ya ba da izni. Abin da faranti ke kawo wa baƙo ba gida ba ne, abin da mai tasha ya ga dama ya nuna ne daga gida. Tashar gwamnati, ta Yamai ce ko ta Abuja, za ta nuna maka bikin buɗe rijiya, amma da wuya ta koma bayan shekara ta nuna maka ta ƙafe. Shi kuwa mai kewa zuciyarsa a buɗe take, duk abin da ya fito daga ƙasarsu karɓa yake yi hannu biyu, har ya fi wanda ke zaune a can saurin gaskatawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhali kuwa baƙo yana da wata dama wadda ɗan gida ba shi da ita. Mutumin Gure da ke zaune a Nguru yana iya jin zargi daga Yamai, ya latsa rimot ya ji amsa daga Abuja, sa'an nan ya fita ƙofar gida ya tambayi direban da ya iso jiya daga kan iyaka. Haka ma Bagashuwen da ke Diffa. Irin waɗannan mutane su ya kamata su zama masu sanyaya zukata in gwamnatoci sun saɓa, gama su ne suka san kowane ɓangare da suna da fuska. Idan suka kafe a kan tasha guda, sun zubar da wannan dama, sun zama masu ɗauko wutar nesa suna kawowa unguwa.

Ban ce a sauke faranti ba, ko kusa. Albarkarsa a fili take. 'Ya'yan Baba, waɗanda ba su yi karatu a Nijar ba, ta nan suka san garuruwan kakanninsu da kaɗe-kaɗensu. Mu ma ta nan kunnenmu ya saba da Hausar Damagaram da ta Maraɗi, su kuma suka saba da ta Kano. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, akwai fatan wannan jin juna zai ƙaru, ko da yake ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na shekarar.

Roƙona uku ne. Masu tashoshi, na gwamnati da na 'yan kasuwa, su tuna cewa suna da masu kallo a bayan iyaka, su bar shirye-shiryen labarai a buɗe kyauta, su kuma auna kalamansu, domin maganar da aka faɗa don a burge 'yan gida tana sauka a zauren da baƙo da mai masaukinsa ke zaune tare. Na biyu, a aiko da wakilai garuruwan kan iyaka, a ji muryar Manga da Bade da makiyaya, kada sai an yi ta'asa ko ambaliya a tuna da mu. Na uku kuwa namu ne, mu masu kallo: kada mu yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kada kuma mu bari akwati ya ɗauke mana nauyin ziyara. Hoto ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ba ya ɗaukar jariri ranar suna. Zumunta dai a ƙafa take.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya mai da kowane baƙo gida cikin alheri, amin.