Kwabo Mai Huji a Kasuwar Jankara



Har gobe muna cewa "ba ni da ko anini" ko "bai ba ni sisin kwabo ba", amma yaranmu da aka haifa a Agege ba su taɓa riƙe anini ko sisi ba. Wannan ne ya sa wasu daga cikinmu, idan mun shiga Ikko sarin kaya a Idumota, muke ratsawa ta Jankara wurin masu tsofaffin kaya.

Ba a jere tsabar take ba. Sai ka tsuguna ka tona kwanon da aka haɗa makullai, duwatsun wuya da ƙarafa. A nan muke tsintar kwabo mai huji na zamanin Turawa, mai tauraro da rubutun Larabci. Muna samun kuɗin 1959 da Babban Bankin Nijeriya ya fara fitarwa: taro mai hoton auduga, sisi mai koko, da sule biyu mai hoton gyaɗa. Duk wanda kakansa ya yi dako a dalar gyaɗa ta Kano, idan ya ga wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Da su iyayenmu suka sayi goro a Agege suka loda a jirgin ƙasa zuwa Arewa, har 1 ga Janairun 1973 da naira ta zo, fam ɗaya ya koma naira biyu.

Kan sarki ya fi wuyar samu, domin damshin Legas ba ya barin takarda. Wani lokaci mukan dace da shi a cikin tsofaffin littattafai. Mai ɗauke da sunan Arewacin Nijeriya ya girmi haɗewar 1914. Idan yana manne da ambulan, a bar shi haka, hatimin gidan waya shi ne shaidar gari da rana.

Ga abin da muka koya. Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami, gugar tana karya darajarsa. Azurfar nan mai kan mace da aka rubuta wa 1780, an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har ƙarnoni bayan nan, don haka kada a ruɗe ku. Wanda kuma ya ce kwabo ɗaya zai kawo miliyoyi, amma sai kun fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya fi damunmu shi ne, da yawan waɗannan kaya ta hannun matasanmu 'yan gwangwan suke fitowa, a auna su a sikeli kamar kowane ƙarfe. Muna roƙonsu su riƙa warewa. Masu akwatin tsofaffi a gida kuma su duba kafin su zubar. Wanda ya samu, ya zo da shi taron wata, dattawa su faɗa wa yara abin da sule ɗaya yake saya a zamaninsu, tun suna raye.

Allah Ya bar zumunci, amin.

Sakataren Ƙungiya