Tsohuwar Libarba a Akwatin Kaka

A ƙasarmu ta Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, bindiga ba baƙuwa ba ce. Mun tashi muna ganin harba-ka-ruga a kafaɗar maharba, muna jin ƙarar 'yan bindiga ran hawan salla. Amma akwai wata ƙarama wadda ba a cika ganinta a fili ba, watau libarba, mai ɗaukar harsashi shida. Takan fito ne ran rabon gado, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatin tsoho. Da yake mu malamai ne, akan zo mana da tambaya biyu: shekarunta nawa, nawa kuma za ta yi? Ga abin da mukan faɗa.

Da fari, a duba rubutun jikinta, gama ƙarfe ya fi baki riƙe gaskiya. In an ga sunan Webley, to, daga Birmingham ta Ingila ta fito. Sojan Ingila sun karɓi samfurin farko a 1887, na huɗu a 1899, na shida kuwa a 1915. Saboda haka in an ce wani Bature ya riƙe ta sa'ad da aka ci Kano a 1903, alhali an buga MARK VI a jikinta, labarin bai tsaya ba, domin a lokacin ba a ƙera ta ba tukuna. Wadda aka rubuta wa Enfield mai lamba 2 kuwa, sai a 1932 ta shiga aiki. Ita ce ta zamanin yaƙin Bama, inda mazan jiya na ƙasar nan suka yi fama daga 1943 zuwa 1945. In akwai ɗan tambari kamar kan kibiya, alama ce ta kayan gwamnatin Ingila.

Ba dukansu ne na Ingila ba. Babura tana bakin iyaka, Faransawa kuma sun kama Damagaram tun 1899. Libarbarsu ta samfurin 1892 tana da sunan garin St Etienne, an kuma buga shekarar ƙira a bututunta. Akwai kuma na Beljiyam masu araha, masu haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. In da kambi a bisa da'irar, daga 1893 zuwa sama ke nan. Wadda ba ta da rubutu ko tambari ko kaɗan, sau da yawa aikin maƙerin gida ne.

Sa'an nan batun daraja. Mutanenmu sukan ɗauka kowane tsohon abu dukiya ne. Ba haka ba ne. Webley samfuri na shida, an ƙera fiye da 300,000, don haka ba abu ne mai wuyar samu ba. Masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka sukan duba ko lambar da ke jikin bututu ta yi daidai da ta gangar jiki, ko launinta na asali yana nan, ko kuma akwai takardar da ta nuna wanda ya riƙe ta. Tsatsa tana rage daraja, amma gogewa da toka ko yashi ta fi tsatsa ɓarna, gama takan shafe tambarin da ke faɗin shekarun.

To, ya mai karatu, ga babbar magana. Ko da a ce tana da tsada a can, a nan ba hajar kasuwa ba ce. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana, ba kamar bindigar maharba ba, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda yake iya ba da lasin ta. Wanda aka kama da ita ba izini yana iya shan ɗaurin shekara 10, cewa gado ce kuma ba za ta fisshe shi ba. Mu tambayi kanmu kuma, wane ne zai zo da dare yana neman sayen libarba? Ba mai son tarihi ba ne. Kuɗin da aka karɓa yau, gobe yana iya zama jinin maƙwabci a kan hanyar kasuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma yara. Mu da muke yini da su mun san babu akwatin da ya gagare su. Harsashin da ya shekara tamanin yana iya tashi, tsohon ƙarfe kuma yana iya fashewa a hannun mai gwadawa. Kada a taɓa kunamarta, kada a ce bari a gani ko tana aiki.

Shawararmu ita ce, a kwafe dukan rubutun jikinta a takarda, a ɗauki hotonta, a zauna da tsofaffin gida a rubuta labarin mai ita: sunansa, inda ya yi aiki, da shekarar da ya dawo. Sa'an nan a sanar da mai unguwa ko dagaci, a tafi tare a miƙa ta ga 'yan sanda. In tana da tarihi na musamman, a roƙa a sanar da masu kula da kayan tarihi, irin na Gidan Makama a Kano. Takardar nan ita ce gadon da za a iya raba wa jikoki duka, kowa ya sami nasa, ba tare da fargaba ba.